Tausar da Ta Ƙara wa Inna Ciwo

A shekarun da garin Suleja yake amsa sunan Abuja, an yi wata yarinya 'yar aji huɗu. Lokacin garin bai cika ba. Kowa ya san kowa, mota ma in ta wuce sai yara sun fito kallo.

Kakarta, Kaka Yalwa, gwanar tausa ce. Matan da suke ɗauko doya a ka daga Maje sukan biyo ta gidan da ciwon wuya. Kaka ta zaunar da su a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta lakato man kaɗanya, ta yi ta murza musu wuya da kafaɗu. Su tashi suna sa mata albarka. Kai, tsakar gidan nan akwai daɗin zama!

Yarinyar tana kallo daga nesa, tana cewa a ranta, "Wannan ai matsawa ce kawai." Ta taɓa tambaya? Ina! Ita da take zuwa ta ɗaya a aji, wa zai koya mata matsa wuya?

Wata Alhamis Kaka ta tafi Gauraka barkar haihuwa. Da azahar Inna, mahaifiyar yarinyar, ta dawo daga kasuwa da buhun dawa a ka. Tana saukewa ta dafe ƙeya.

"Wash! Kaina kamar zai tsage. Wuyan ma ya riƙe."

Yarinyar ta ga Inna ba za ta iya fita gobe ba. Washegari ne za a raba kyaututtuka a makaranta, kuma za a kira sunanta. Inna ta yi alkawarin zuwa, har ta wanke zanenta mai kyau ta shanya.

"Inna, kawo in yi miki tausa."

"Ke? Bari dai Iya ta dawo."

"Ai Kaka ta koya mini," in ji yarinyar. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Inna ta zauna. Yarinyar ta kwaso mai da yawa, ta kama wuyan Inna da ƙarfi kamar mai cuɗa wanki.

"A hankali mana!"

"Haka Kaka take yi. Daure, Inna."

Daga nan ta kama kan Inna da hannu biyu, ta juya shi gefe da sauri.

"Wayyo Allah!" Inna ta yi ƙara. Wuyan ya sanƙare, ko waiwaye ba ta iya yi. Hawaye ya cika mata ido.

Yarinyar ta koma bayan rumbu tana kuka. Ba kyautar ce take damun ta yanzu ba. Ita da hannunta ta ƙara wa Inna ciwo.

Bayan la'asar Kaka ta yi sallama. Ta dubi Inna, ta dubi kwanon mai a buɗe.

"Safara'u, wa ya taɓa wuyan nan?" ta tambayi Inna.

Inna ta nuna bayan rumbu da hannu. Yarinyar ta fito kanta a sunkuye.

"Ni ce, Kaka. Na ce wa Inna kin koya mini. Ƙarya na yi."

"Oho, malamar tausa! Yaushe aka yaye ki ban ci goron ba?" in ji Kaka. "To, tun da kin faɗi gaskiya, ɗumamo mini ruwa."

Kaka ta fara taɓa goshin Inna. "Ba zazzaɓi. Da akwai, da asibiti za mu, don ba kowane ciwon kai tausa take magani ba."

Ta tsoma tsumma a ruwan ɗumi, ta ɗora a ƙeyar Inna. Ta lakaci mai ɗan kaɗan, ta murza a tafin hannu har ya narke.

"Nan ne, Safara'u?"

"Ƙasa kaɗan, Iya."

"Nan?"

"Yauwa, nan."

Kaka ta kamo hannun jikarta, ta ɗora nata a kai. Suka riƙa zagaya wurin da babban yatsa, sannu sannu.

"Kin ji? Mai ciwo ake tambaya, shi yake nuna hanya. Kuma ba a murɗe wuyan mutum, ko wasa. Kin san abin da ya sa ake ce mata tausa? Ƙanwar tausayi ce. In babu tausayi, duka ne kawai."

"Inna, ki yafe mini," in ji yarinyar.

"Na yafe. Ci gaba, yanzu hannunki da daɗi."

Da safe ɗalibai suka yi layi a filin makaranta. Yarinyar tana ta leƙen wurin da iyaye suke zaune. Malama Folasade ta kira sunanta. A can baya wata mata ta miƙe, tana juya wuya a hankali, dama da hagu, tana neman 'yarta. Inna ce! Yarinyar ta karɓi kyautarta ta littafi tana dariya, hawaye yana zuba.

Tun daga ranar, in ba ta san abu ba, sai ta ce, "Ban sani ba, a koya mini."

Yara, kallo ba koyo ba ne. Kada ku ce kun iya abin da ba ku iya ba, balle a jikin wani.