Takardu Biyu, Sa Hannu Ɗaya

Fadila na tankaɗe a tsakar gida mahaifinta Alhaji Jafaru ya dawo daga binciken da ya je yi kan Mahdi, saurayin da ke neman aurenta. Tun daga yadda ya cire takalmi ta san akwai magana.

"Na je kwalejin tasu," in ji shi. "Malamai uku na tambaya. Ɗaya bai san shi ba, ɗaya ya taɓa ganinsa a jikin kalanda. Na ukun ya ce ya faɗi jarrabawa don bai zo ba."

"Baba, gudu yake yi wa makarantar, shi ya sa suka ɗauki nauyin karatunsa..."

"Gudu kam yana yi. Har ajin ma ya guje wa. A bar maganar auren nan."

Ta yi kuka, amma ba kukan ne ya fi cin ranta ba. Ita ma zargi ya shige ta. In ya ɓace mako guda ya ce gasa ce, wa ya gani?

Da la'asar Mahdi ya zo zaure. Ko ruwa ba ta kawo masa ba.

"Ranar jarrabawa ina kake?"

Ya zaro takardu biyu daga aljihu. Ta farko ta umarce shi ya tafi gasa Kaduna ranar sha huɗu ga wata, in ya ƙi a soke tallafinsa. Ta biyu ta ce bai zauna jarrabawar ranar sha huɗu ba, in ya kuma a soke tallafinsa.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? Dubi ƙasa."

Mutum ɗaya ne ya sa hannu a duka biyun.

Da ta kai wa Alhaji takardun, ya juya su yadda yake duba haƙoran bijimi a karar shanu ta Mai'adua. Bai yarda ba, don yaran yanzu har hatimi sun iya bugawa. Da safe ya sa babbar riga ya koma kwalejin.

Da ya dawo, a hankali ya cire takalmin.

"Mutumin ya amsa hannunsa ne. Wai tsari ne. Na ce masa shekara talatin ina harkar shanu, ban taɓa ganin wanda ya ɗaura wa sa garma, sannan ya doke shi don ba a same shi a turke ba."

Wata huɗu Alhaji yana zarya, Fadila na haƙuri, kafin kwamitin kwalejin ya gano cewa mutum ba ya zama a gari biyu lokaci guda. Aka sake wa Mahdi da 'yan wasa shida jarrabawa. Ya ci, ba da wani abin a zo a gani ba, amma ya ci. Bayan babbar salla aka ɗaura aure.

Wanda ya yi bincike kan mutum, ya daure ya ji ta bakin mutumin. Makarantar da ta ci moriyar ƙafafun ɗalibi kuwa, ta tuna karatu ya zo yi.