Akwatin da Ke Amsa Sallama

Da hantsi Kwararo, titin kekuna na garin Tudun Alheri, yakan cika maƙil. Kekuna ne jere kamar ƙwayoyin carbi, duk da sauri iri ɗaya, ba ƙararrawa, ba zage-zage. A ƙarƙashin kowane sirdi akwai wata 'yar na'ura da ake kira Ragama. Ita ke magana da maganaɗisun da aka binne cikin kwalta, ita ke riƙe da kan keke da birkinsa. Aikin mahayi taka feda ne kawai. In zai sauka sai ya ambaci zangon da yake nufi, Ragama ta zare shi daga jeri a hankali. Tsakanin zango da zango kuwa ba a tsayawa, domin keke ɗaya in ya turje, na bayansa duk sun hau kansa.

Injiniya Lawi ne ya ƙera Ragama, bayan wata tifa ta take matarsa Hansatu a kan kekenta tana hanyar makarantar da take koyarwa. Tun da aka buɗe Kwararo kuwa ba a sake ɗaukar gawar mai keke a garin ba. Wannan ne abin da Lawi yake riƙewa ya samu barci.

Sai dai Kwararo ya bi ta ƙofar gidan Baba Ɗanladi, mahaifin marigayiyar. Tsohon ba shi da wani ɗa, kuma Lawi ya ɗaukar wa kansa cewa mutuwa ba za ta yanke surukuta ba. A da, kullum da safe yakan sauka daga keke tun daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma. Haka ma duk wanda ya san girman tsohon yake yi. Yanzu sai dai Lawi ya ɗaga hannu, kafin ya ce uffan Ragama ta wuce da shi.

Wata Juma'a ya sauka a zangon kasuwa ya tako da ƙafa.

“A'a, Injiniya ne da kansa?” in ji Baba Ɗanladi. “Yau dokin naka ya ba ka izini ke nan?”

“Baba, a yi mini aikin gafara. Tsarin ne haka.”

“Na gani. Jiya jikan Liman ya wuce yana ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Ban ga laifinsa ba. Amma ku da kuka iya binne ƙarfe a ƙasa ya ja mutum, ba za ku iya yin wurin tsayawa a nan ba?”

Lawi ya sunkuyar da kai. Ya riga ya kai maganar gaban majalisar sufuri, an ba shi amsar da shi kansa ya san gaskiya ce: a kowace ƙofa akwai tsoho. In an yi wa ɗaya zango sai an yi wa kowa, jeri ya tsinke, a koma kwasar gawa.

Abin ya tsaya masa a rai. Da yake shi mutum ne da ya saba warware damuwa da waya da sukurudireba, sai ya ƙara wa Ragama ido da baki. Idon ya gane fuskar dattijo daga nesa, bakin ya yi sallama da muryar mai keken, da ladabin da ya dace. Jama'a suka yi murna, aka ce an dawo da tarbiyya kan titi.

Ba a yi mako ba maƙwabciyar tsohon, Gwaggo Asabe mai ƙosai, ta aika a kira Lawi. Ya tarar da Baba Ɗanladi a zaure, murya ta dushe, yana kurɓar ruwan ɗumi da citta.

“Zauna, ɗana, tambaya gare ni,” ya ce da ƙyar. “Amsa sallama wajibi ne. Tun safe nake amsawa har azahar, ko ruwa ban samu na sha ba. To, wannan da ke gaishe ni, mutum ne ko ƙarfe? In mutum ne, ba ni da ikon yin shiru. In ƙarfe ne, ashe babu wanda ya gaishe ni.”

Lawi ya san wasu mahayan suna nufin gaisuwar har zuci, wasu kuwa ba su ma san kekensu ya yi magana ba, kuma babu awon da zai raba su. Amma dai yana da maganin dushewar murya. Ya naɗi muryar tsohon, ya zuba ta cikin wani ƙaramin akwati mai cin hasken rana, ya kafa a jikin ƙofa.

“Wannan zai riƙa amsawa a madadinka, Baba. Kai dai ka huta.”

Tsohon ya dubi akwatin, ya dubi surukinsa. “To, Allah ya bar zumunci tsakaninsu,” ya ce.

Daga ranar ya naɗe tabarmarsa ya koma ciki. Da idon Ragama ya rasa fuskar da zai gaisar, sai Lawi ya gyara shi ya riƙa gane akwatin. Kullum da safe kekensa ya ce, “Salamu alaikum, Baba, an tashi lafiya?” Akwati ya ce, “Wa alaikumus salam, lafiya lau, ɗana, a sauka lafiya.” Lawi ya san na'ura ce, shi ya haɗa ta da hannunsa. Amma kunne ba ya neman shaida. Ya ji muryar, hankalinsa ya kwanta. Zuwan da yake yi duk Juma'a ya koma na wata-wata, aikin shimfiɗa sabon Kwararo a arewacin gari ya cinye sauran.

Ranar da ya samu sarari, ya sayi goro da lemo ya tako daga zangon kasuwa. Ya tarar da ƙofa a rufe da kwaɗo, ga sawun tabarmi da yawa a ƙasa. Gwaggo Asabe tana kwashe ƙosai, ba ta ɗago ba.

“Gwaggo, ina wuni? Baba ya fita ne?”

“Ya fita. Shekaranjiya aka kai shi.”

Ledar goron ta suɓuce daga hannunsa. “Inna lillahi... Me ya sa ba a aiko mini ba?”

Sai a lokacin ta dube shi. “A aiko maka? Ana cikin yi masa wanka muka ji muryarka a ƙofa kana tambayar ko ya tashi lafiya. Jiya ma maza na zaune a nan ana karɓar gaisuwa ka sake wucewa. Liman ya ce tunda ka ga taro ba ka dawo ba, a ƙyale ka, kowa da yadda yake ɗaukar rashi.”

Lawi ya tuna ya ga mutane a ƙofar, kamar walƙiya, kansa na cikin lissafin sabon titi. Ya tuna kuma an ce masa lafiya lau.

Ya tuɓe takalmansa ya durƙusa a inda tabarmar take a da. A bayansa Kwararo yana ta gudana lami lafiya, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya ƙuje. Wani keke ya yi sallama, akwati ya amsa. Wani ya yi, ya amsa. Lawi ya miƙa hannu zai cire wayar, sai ya tsaya. In ya cire, muryar mahaifin Hansatu ta ƙare a duniya ke nan, kuma dubban sallama za su riƙa faɗuwa a ƙofar nan ba mai amsawa.

“Cire shi mana,” in ji Gwaggo Asabe. “Ko mutanen gari sa san an yi mutuwa.”

Hannunsa na kan wayar, wani keken ya iso.

“Lafiya lau, ɗana,” in ji akwatin. “A sauka lafiya.”