Nonon Kwalba da Aka Ɗura wa Aslam

Yero direba ne ya kashe mini jikana Aslam, kuma da bakinsa ya faɗa.

Uwar Aslam ta rasu wajen haihuwarsa a nan Enugu. Maƙwabciyarmu Bashira tana goyo, ta ce a kawo shi ta shayar. Ɗana Idrisu, uban yaron, ya ƙi, wai gidajenmu biyu suna auratayya, kada nono ya toshe hanya nan gaba. Sai ga shi da wasu 'yan kwalabe, wai nonon mutum ne na kimiyya, ba ya haramta aure. Yaro ya yi ta gudawa har ya cika.

Insfekta Haidar Indabawa ya zo ne a kan ƙarar satar kwalabe da wani ɗakin binciken kimiyya ya shigar, bin sawunsu ya kawo shi gidanmu. A kwandon sharata ya tsinci ɗaya daga cikinsu.

"Idrisu, wa ya ba ka?"

"A kemis na saya, ranka ya daɗe."

"Wane kemis ke sai da kwalbar da aka kankare wa suna?"

Na ja mayafi na bi Insfekta har wajen masu binciken. Wata likita a can ta yi Turanci, shi ya fassara mini.

"Baba, ta ce ba nono ba ne. Sinadarin cikin kitsen nonon uwa suke kwaikwayo don nazarin garkuwar jiki. Ba na sha ba ne, kuma da ya bar sanyi ya lalace."

Aka kira direbansu, Yero. Ya rantse bai san unguwarmu ba.

Insfekta bai musa ba. Tunda abin sai da sanyi, ya bi masu firiza na unguwarmu Ogbete, har ya zo kan Dada mai ƙanƙara.

"Yero? Ai kularsa ta daɗe a firizata. Da wuta ta ɗauke na ce ya kwashe abinsa, har tsami yake."

A caji ofis aka zaunar da Yero gaban Dada, Insfekta ya tambaye shi.

"Ka ce ba ka san unguwar ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ji suna cewa irin na nonon uwa ne. Idrisu abokina ne. Wallahi taimako na yi."

"Da ka ji tsamin fa?"

"Na zaci haka yake."

Aka buga masa ankwa aka wuce da shi.

To shi ke nan? Masu kwalaben da suka bar direba da makullin firij suna kan kujerunsu. Idrisu kuwa na shago yana karɓar gaisuwa kamar ba shi ba. Ni na haife shi, ba na jin nauyinsa. Insfekta, ka sa a kawo shi gabana ya gaya mini auren wa yake tanadi, yanzu da angon ke cikin ƙasa.