Hannun da Ruwa Ya Nema

"Ba zan sa hannu ba, Baba."

Injiniya ta ture biron. Zanen benen na shimfiɗe a kan teburin ofis, hawa talatin, a bakin ruwa inda ake rushe tsofaffin rumbunan kaya. Ita ta zana shi. Takardar neman izinin gini kawai ta rage.

"Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?" in ji Baba.

Mako biyu kafin nan, da rana tsaka, ya ce ta raka shi duba fili, sai ya kai ta wani rumbu da rusau bai iso ba. Ciki warin ruɓaɓɓen kifi da hayaƙi. An fasa daben tsakiya, baƙin ruwa na hawa da sauka a ramin kamar yana numfashi. An kewaye shi da makullai masu tsatsa da jan ƙyalle. Wani tsoho na zaune, ƙafafunsa cikin ruwan.

"Manyan kamfanoni sun sa ni a tsakiya," in ji Baba. "Ina so benena ya riga nasu tashi."

"Ruwan nan ne mai wurin," in ji tsohon. "Me za ka ba shi?"

"Bijimi. Goma ma."

"Ba ya cin nama. Hannu yake so, na jininka. A sa masa a takarda."

Baba ya sauke ajiyar zuciya. "Sa hannu kawai?"

"Haka kuke ce masa a ofis," in ji tsohon, idonsa a kan yatsunta.

Abin da ya hana ta ɗaukar biron ke nan. Yayanta, manajan kamfanin, ya shigo ya tarar da su cirko-cirko.

"Malama Boko, yau ma gardama? Kawo biron, nawa hannun ya fi naki kyau."

Baba ya juya baya. Ita ko ta kalli ƙofa. Ta yaya za ta ce ubansu ya je wurin boka, ga sakatariya a bakin ƙofa? Kunya ta rufe mata baki, Yaya ya sa hannu.

Izini ya fito cikin kwana uku. Masu saye suka yi layi tun ba a haƙa tushe ba. Baba ya sauya mota, ya sauya abokai.

Sai hannun Yaya na dama ya kumbura, ruwa na tsatsafowa daga farcensa. Likitoci suka rasa gane kansa. Ranar da aka zuba kankaren hawa na farko, leburori suka tsinci gawarsa kife a ramin gini, cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Mama ta daina gane kowa. Tana wuni a bakin famfo tana wanke hannu har fata ta saɓule.

Wata bai cika ba, Injiniya ta iske Baba a falo, baƙi cike, yana miƙa wa ƙanwarta wata takarda.

"Baba, ba an biya ba?"

Ya yi ƙasa da murya. "Tsohon ya ce kowane hawa da nasa."

Ta fizge takardar, ta faɗi komai, tun daga rumbun har ramin, a gaban kawunnanta da surukai. Baba ya nuna mata ƙofa, ya ce ba shi ba ita.

Masu saye suka watse. Ruwa ya cika ramin, ƙarafa suka yi tsatsa. Yanzu Baba na yawo a bakin ruwan da biro, yana roƙon masu wucewa su sa masa hannu. Duk wanda kwaɗayi ya kai gaban irin wannan tsoho, ya san da 'ya'yansa zai biya.

Ƙanwarta na raye. Injiniya kuwa ba kamfanin da ke ɗaukarta, ana ce mata 'yar matsafi, tana bi ta gabansu kai a miƙe. Tsayawarta ta ci mata uba da aiki da suna. Waɗannan ta iya ɗauka. Wanda ba ta iya ɗauka ba shi ne, ta ceci hannunta ta yi shiru, Yaya ya mutu a madadinta.