Yaron da Ya Hau Sure

A wata firamare ta Shinkafi an yi wani yaro ɗan aji biyar, gwanin cika baki. A faɗarsa, daga Jangeru har Zurmi babu tsiron da bai sani ba.

Ranar Litinin Malama Naja'atu ta rubuta suna a allo: Hibiscus sabdariffa.

Ta ce, "Wanda ya san wannan tsiro, shi ne shugaban lambun makaranta."

Yaron ya daɗe yana son wannan muƙami. Ya yi wuf ya ɗaga hannu.

"Malama, ni na san shi! A dajin Jangeru yake. Ya fi kuka tsawo. Da na hau shi, har Kaura Namoda na hango."

"Iko sai Allah," in ji Malama. "To, gobe ka kawo mana ganyensa."

A gida ya tambayi babansa. Baban ya ce, "Ni ban taɓa jin sa ba. Ka je ka ce ba ka sani ba."

Ina! Ai girma sai ya zube. Da safe ya tsinko faffaɗan ganyen tumfafiya, ƙaton suna ai sai ƙaton ganye. Farin ruwansa ya ɓata masa riga.

Malama ta dubi ganyen, ta dubi rigar. Ta ce kowa ya biyo ta bayan aji. Ta duƙa ta nuna wani tsiro mai jan kara, iya gwiwa.

"Mene ne wannan?"

"Sure!" yara suka amsa.

"Madalla. Mu nan sure muke cewa. Kanawa su ce yakuwa. Abin da yake haifa shi ne zoɓo. Kowane gari da sunansa. Shi ya sa masana suka ba shi suna ɗaya da za a gane ko'ina. Shi na rubuta jiya."

Sa'adatu, mai zama kusa da shi, ta ce, "Kai, da tsani ka hau shi, ko da igiya?"

Aji ya fashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai.

"Malama, ƙarya na yi. Ban san shi ba."

Malama ta dafa kafaɗarsa. "Shugabanci kam ya wuce ka bana. Amma kai za ka rubuta sunayen tsiron nan a allo, ka kafa a nan. In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba. Daga nan ake fara koyo."

Ya share ido, ya yi murmushi, ya ruga neman fenti.