Wuta da Fari, Baƙuwa daga Baya

Can da, rumbun wani mai gari ya ƙone. Aka tarar da wata baƙuwa a wurin, Turanci kaɗai take ji. Aka kira wata yarinya ta yi tafinta.

Baƙuwar ta ce, "When I came, the fire had already started."

Kawun yarinyar, mai gadin rumbun, ya raɗa mata, "Ki ce da ta zo wuta ta tashi."

Amma yarinyar ta dubi mai gari ta ce, "Ranka ya daɗe, ta ce 'had already'. Wato wuta ta riga ta tashi. Wuta da fari, baƙuwa daga baya."

Mai gari ya riƙe baki. "Ashe kalma biyu na iya kwance mutum." Sannan ya dubi mai gadi. "To, wa ya riga wutar zuwa?"