Ajin da Ba a Tasa Ba

Ku matso, a rage fitilar nan. Mai fitsarin kwance ya tashi tun yanzu. Ni dai kun san ni, kura ma in ta hango ni sake hanya take yi. Amma hanyar Kwarin Ɓaure da magariba, ko ni sai da rakiya.

Shekarar da hukuma ta ce ƙananan makarantun ƙauye sun yi yawa, a haɗe su wuri guda, ta Kwarin Ɓaure na cikin waɗanda aka rufe. Ana tsakiyar darasi babbar mota ta zo. Aka kwashe bencina, aka ciro allo. Har tsohon wilin motar da ake bugawa in za a tashi, aka kwance shi daga jikin ɓaure. Malamai suka ce kowa ya tafi gida, daga gobe sai cikin gari. Ba wanda ya tuna ya buga ƙarfen tashi.

Akwai wani manomi, Ɗanliti, da 'yarsa Tasalla, 'yar aji uku. Kullum a ƙasa take zuwa sabuwar makarantar, ta gefen tsohuwar. Ran nan ƙawayenta suka dawo babu ita. Suka ce ta tsaya cire ƙaya. Ɗanliti ko fartanya bai sauke daga kafaɗa ba, ya kama hanya.

Rana ta faɗi. Yana isa tsohuwar makarantar ya ji karatu. Ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu. A gindin ɓauren ga wata mata tsaye cikin farin lulluɓi.

Ya yi sallama. Ta amsa. Tana gabansa, amma muryar ta bayansa ta fito.

"Kai ma ɗaukar yaro ka zo?"

"Baiwar Allah, ai an rufe makarantar nan."

"An rufe," ta ce. "Ba a dai tashe su ba."

Ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafunta. Dunduniya ce a gaba.

Ta gaya masa a hankali cewa 'ya'yansu na cikin ɓauren sun daɗe suna zama a bayan aji tare da 'ya'yan mutane. Su kuwa ba su san tashi da baki ba, sai ƙarfe ya yi ƙara. Tun ranar nan suke zaune, ba ci ba sha. Kaɗaici ya ishe su, suka kira abokiyar zamansu.

Ɗanliti ya leƙa ta taga. Ga Tasalla zaune a ƙasa, ta harɗe hannu, tana kallon bangon da aka cire allo. Leɓɓanta na motsi. Ba kowa kusa da ita, amma ƙasar a lotse take, layi-layi. Ya kira ta. Ba ta waiwayo ba.

"In lisha ta same ta a ciki, ta zama tasu," in ji matar. "Mu ba ma taɓa ƙarfe."

Ya ɗauki dutse. Ya yi bisimilla, ya doki bakin fartanya. Ya ƙara. Karatu ya yanke. Sai wata iska mai sanyi ta wuce shi daidai gwiwa, da 'yan dariya a cikinta. Tasalla ta fito tana murza ido, ta ce yunwa take ji.

Ya goya ta, ya juya. Matar ta yi masa godiya, ta sa albarka, sannan ta tambayi inda aka mayar da makarantar. Kun san mutumin ƙauye, ba a tambayarsa hanya ya yi shiru. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Cikin gari, bayan kasuwa."

"Da nisa," ta ce. "Amma sa bi ta."

Tasalla tana nan lafiya, tana ci tana wasa. Sai dai kullum da safe in ta zo gindin ɓauren takan tsaya jim, kamar mai jiran a fito. A aji kuwa, duk cunkoson da ake yi, ba wanda ke iya zama kusa da ita. Wurin sanyi gare shi. Ɗanliti ya bar noman yamma. Yana can bakin makaranta kullum, ba ya motsawa sai ya ji an tashe su da kunnensa.

Saboda haka kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai. In kuma ka ji ana karatu a ajin da ba kowa, kada ka leƙa. Na gama. Wa zai fita ya rufo ƙofar zaure?